Digirin AuD a Amurka: Horo Mai Inganci, Farashi Mai Nauyi

Duk mai son zama ƙwararren masanin ji a Amurka a yau galibi sai ya bi ta digirin AuD, wato digirin dakta a fannin ilimin ji, domin tun daga shekarar 2012 ASHA, ƙungiyar ƙwararrun ji da magana ta Amurka, ta mayar da digirin dakta sharaɗi ga sababbin masu neman shaidar ƙwarewarta. Wannan digiri na aikin asibiti ne, ya bambanta da PhD da ake yi domin bincike, kuma mai shi ba ya yin tiyata, aikinsa auna ji da gano matsalar da kuma gyara ta da na'urori da horo. Kwalejin likitanci ta Baylor ce ta fara shi a 1994. Yawancin jami'o'i suna gudanar da shi cikin shekara 4 bayan digirin farko, ko da yake Jami'ar Northwestern, inda Raymond Carhart ya aza harsashin wannan fanni bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tana kammala nata cikin shekara 3.

Abin da ya fi cancantar yabo shi ne yadda ake haɗa aji da asibiti tun da wuri. Ɗalibi yana koyon auna motsin dodon kunne, da gwajin da ke bin saƙon sauti har zuwa ƙwaƙwalwa ko da jariri yana barci, da binciken jiri, da saita na'urar taimaka wa ji daidai da kunnen mai ita, da daidaita na'urar da likitan tiyata ya dasa a can cikin kunne. Ɓangaren yara ne, a ganina, ya fi kowane daraja, saboda ana cusa wa ɗalibi ƙa'idar tantance jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6, tun harshe bai wuce shi ba.

Inda shirin ya gaza shi ne wajen kuɗi. Shekarar ƙarshe gaba ɗayanta aiki ce a asibiti ƙarƙashin kulawar gogaggu, amma wurare da dama ba sa biyan ɗalibin komai ko kuma ɗan alawus suke bayarwa, alhali makarantu da yawa suna ci gaba da karɓar kuɗin karatu. Wannan bai dace ba, musamman da yake albashin masanin ji bai kama ƙafar na likitan kunne ba, ga jarrabawar ƙwarewa ta Praxis da lasisin jiha suna jira. Haka kuma, tun Oktoba 2022 ana sayar da wasu na'urorin ji a kanti ba tare da ganin ƙwararre ba, lamarin da ya shafi cinikin da asibitocin kuɗi da yawa suka dogara da shi.

Ga ɗan arewacin Najeriya ko Nijar, inda sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai zubar da mugunya ke kurumtar da yara, ilimin yana da matuƙar amfani, sai dai an gina shi ne a kan kayan aiki masu tsada da jerin kalmomin gwaji na Turanci. Wanda zai dawo aiki a wuri irin Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna zai buƙaci kalmomin gwaji na Hausa, waɗanda suka yi la'akari da karin sauti da tsawon wasali. Saboda haka ina ba da shawarar shirin ga wanda ya samu tallafin karatu, kuma ya tambayi makarantar tun kafin ya shiga ko ana biyan ɗalibanta a shekarar ƙarshe.