Ofishin tiranzit da ya san hanyar kaya tun daga ƙanƙarar Kanada

Ƴan kasuwar Yamai da ke sayo tsofaffin motoci da kayan gyara daga Kanada sun saba auna ofishin tiranzit da kuɗin da yake caja da kuma saurinsa wajen fitar da kaya daga duwan. Ofishin da na danƙa wa kwantenata a hunturun da ya wuce, wani ƙarami da ke kusa da Babbar Kasuwa, ya burge ni ne da wani abu dabam, wato sanin hanyar tun daga kogin da jirgi ke tasowa.

Kafin mu yi maganar farashi, mai ofishin ya shimfiɗa taswira a kan teburinsa, ya bi kogin Saint-Laurent da bakin biro, ya ce: "Alhaji, kayanka a nan za su fara jira, ba a Lome ba." Ya bayyana mini cewa tashar Montreal tana cikin ƙasa, kimanin kilomita 1,600 daga tekun Atlantika, kuma mashigin da ya wuce ta zuwa manyan tafkuna, wanda aka buɗe a 1959, ana rufe shi daga wajen ƙarshen Disamba har zuwa Maris. Ita kuwa Montreal tana karɓar jirage duk shekara tun 1964, domin jiragen gwamnati masu fasa ƙanƙara, na hukumar tsaron gaɓar ruwan Kanada, suna buɗe hanya, suna kuma hana ƙanƙarar cunkushewa ta tare ruwa ta jawo ambaliya.

Abin da na fi yaba masa shi ne bai ɓoye mini cewa waɗannan jirage sun tsufa ba. Ɗaya daga cikin manyansu, Louis S. St-Laurent, yana aiki tun 1969, kuma ƴan majalisar dokoki a Ottawa, musamman wakilan lardin Kebek, sun sha tsare gwamnati da tambayoyi kan jinkirin sabunta su da kuma ma'aikatar ƙera jiragen da za a ba kwangila. A 2018 gwamnati ta ƙulla yarjejeniyar dalar Kanada miliyan 610 da kamfanin Davie, mai ƙera jiragen ruwa a lardin Kebek, domin sayo jirage uku daga Suwidin a gyara su, su cike giɓi. Muhawarar ta shafe mu kai tsaye, domin idan jirgin gwamnati ɗaya ya lalace a watan Janairu, jirgin ƴan kasuwa zai makara, kwantena ta rasa jirgin da za a juye ta a ciki a Turai, jarin mutum ya kwanta. Saboda haka mai ofishin ya ƙi yi mini alkawarin ranar isowa, ya ba ni tazara mai faɗi, kuma kayan sun sauka Lome a cikinta. Tiranziter da zai faɗi gaskiyar da ka iya korar abokin ciniki, a ganina, ya ci kuɗinsa.

Daga Lome ne aikin ya yi rauni. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, manyan motoci suna bi ta Burkina Faso, ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayari da rakiyar soja, kuma jiran ayarin ba laifin ofishin ba ne. Laifinsu shi ne shiru: sai na kira sau da dama kafin a gaya mini inda motar take, sannan kuɗin ajiya a tasha ya fito a takardar ƙarshe alhali ba ya cikin lissafin farko. An nuna mini rasit, kuɗin na gaskiya ne, amma ya kamata a sanar da ni tun ranar da aka biya.

Zan sake ba su aiki, da sharaɗin a rubuta kuɗin ajiya da na jinkirin mayar da kwantena a cikin yarjejeniya, kuma a riƙa turo mini saƙo ta WhatsApp duk lokacin da motar ta tashi daga wani zango.