Fitilar haska ƙwai: me take nunawa idan kwana 21 ya wuce shiru?

Fitilar haska ƙwai da ake sayarwa a shagunan kayan kiwon kaji a nan Kumasi ta ci kuɗinta, sai dai ba ta yin duk abin da masu sayarwa ke faɗa. Tawa a wajen kasuwar Kejetia na saya, mai caji ce, tana da bakin roba da ake kifa ƙwai a kai don kada haske ya tsere ta gefe. Ba ta ɗaukar zafi, cajinta kuma yana jimawa, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mu da ke zaune da dumsor, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki.

A kwana na 7 zuwa na 10 da zuba ƙwai a injin ƙyanƙyasa, aikinta ba shi da makusa. Jijiyoyin jini suna fitowa ja-wur, ƙwan da zakara bai taka ba kuma haske ya ratsa shi fes. Wanda ya fara ya mutu za ka ga zoben jini a jikinsa, ka cire shi tun bai zama bara-gurbi ya fashe maka a inji ba.

Inda na fi son in gwada ta shi ne lokacin da ƙwai ya makara. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi a zafin digiri 37.5, amma idan wuta ta yi ta ɗaukewa inji yana hucewa, ko kuma ƙwan ya haura mako a ajiye kafin a zuba shi, yana iya kaiwa kwana 22 ko 23. Haka ta faru da ni a unguwar Aboabo a hunturun da ya wuce: wasu sun fito, wasu sun yi tsit.

A wannan matakin kada ka sa ran ganin ɗan tsako a fili. Ya riga ya cika ƙwan, duhu kawai za ka gani. Wurin dubawa shi ne ɓangaren mai faɗi, inda iska take taruwa. Na kashe fitilar ɗaki, na kifa ƙwan a hankali ba tare da na juya shi ba, sai ga inuwar ɗan baki ta leƙo cikin wurin iskar tana sama tana ƙasa. Wannan numfashi ne. Da na kai shi kunne na ƙwanƙwasa da farce, na ji kuka siriri daga ciki. Irin wannan a mayar da shi maza, yakan fasa ɓawo cikin yini guda. Wanda ya mutu kuwa, layin iskar yana nan a daskare, ƙasansa akwai fili mai ruwa-ruwa, jijiyoyi sun ɓace, wani har da ɗan wari.

Matsalar ita ce na tsakiya, waɗanda ba motsi ba wari. A kansu fitilar ba ta yanke hukunci, musamman ƙwai mai jan ɓawo, balle na zabi da ake kawowa daga arewa, masu kaurin ɓawo da ke yin kwana 26 zuwa 28. Wata dattijuwa maƙwabciyata ta ce min, "'Yar nan, ɗebo ruwan ɗumi ki sa su, mai rai zai nuna kansa." Na ce, "To Inna." Gwajin yana da gaskiyarsa, amma tasowa saman ruwa ba ita ce shaida ba, domin matacce ma yana tasowa. Sai ruwa ya natsu ka ga ƙwan yana rawa da kansa. Ruwan ya zama ɗumin jiki, kuma ƙwan da ya riga ya tsage ko kaɗan ba a sa shi, ɗan tsakon shaƙewa zai yi.

Wani abin da babu mai faɗa maka a shago: daga kwana na 18 an daina juya ƙwai, ana ƙara danshi zuwa kashi 65 ko 70 cikin ɗari. Duk buɗewar da ka yi wa inji danshin yana fita, a busasshiyar iskar hunturu kuwa fatar cikin ƙwai takan bushe ta manne wa ɗan tsako har ya kasa juyawa. Fitila a hannu tana sa mutum zumuɗin leƙe. Ni yanzu, da zarar an wuce kwana na 18, sai kwana 22 ya cika nake haskawa, sau ɗaya, da sauri. Ba na kuma ɓare wa ɗan tsako ɓawo da wuri, don sai a ƙarshe yake gama zuƙe gwaiduwa ta cibiya. Abin da ya kai kwana 25 shiru, binne shi nake yi.

Bakin robar yakan saki idan an daɗe ana amfani da ita, sai da na naɗa masa salatif. Mai zuba fararen ƙwai kaɗan, tocilar waya da kwali a nannaɗe za su ishe shi. Mai ƙwai ja ko na zabi ya nemi wadda ta fi ƙarfin haske, ya sa a kunna masa ita a shagon kafin ya biya.