Kotun gunduma ko zaman sulhu a ƙasar Nabaho

A ƙasar Nabaho, yankin wata ƙabilar 'yan asalin Amurka mai kotunanta na kanta, mai ƙorafi yana da hanya biyu. A kotun gunduma, magatakarda ya karɓi takarda, ya sa rana, alƙali ya yanke hukunci. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun ƙoli a Window Rock, babban birnin ƙasar Nabaho.

Zaman sulhu kuwa, wanda aka shigar cikin tsarin kotunansu a 1982, ya fi wahalar da jami'in da ke shirya zaman. Shi zai nemo dangin ɓangarorin biyu, gidaje da yawa kuma ba su da adireshi, sai ya bi hanyar burji ya je har ƙofa. Sannan mai sulhu ya zaunar da su, kowa ya amayar da abin da ke ransa. A rikicin dangi ko na kiwo, ni dai sulhun nake zaɓa.