Na je sayen gam uku a Ladipo, mai shago ya hana ni

Matar mai gidan da nake haya a Agege ce ta riga ni gano cewa motata tana yoyon baƙin mai. Kullum da safe sai ta tsaya a kan tabon da ke ƙarƙashin Corolla ɗin, ƙirar 2005, ta riƙe ƙugu ta ce, "Malam, simintina!" Ni kuwa abin da ya dame ni ƙaurin da ke cika motar ne in gosulo ya riƙe ni a Oshodi. Sau biyu wani bakanike yana lafta wa murfin injin gam kamar mai yaɓen ɗaki, ba a yin sati uku take komawa gidan jiya.

Ranar wata Asabar na shiga Ladipo, kasuwar kayan mota da ke Mushin, da niyyar in sayi gam guda uku in lafta da hannuna. Shagon da wani abokina ɗan canji ya kwatanta mini yana can cikin lungu, sai ka ratsa yaran da ke tare mutum tun daga bakin titi, kowa na rantsuwa kayan da kake nema a wurinsa suke. Mai shagon ɗan ƙabilar Ibo ne haifaffen Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa ta fi ta 'ya'yana da aka haifa a Legas.

Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya ce in nuna masa hoton injin. Ya duba, ya girgiza kai. "Alhaji, gam ba gaskit ba ne. Ɗaya ma ya yi maka yawa." Ya ce mai daga sama yake gangarowa, inda ka ga ɗigo ba lallai nan ne asalin ciwon ba. A wannan inji salansa ta baya take, shi ya sa man da ke zubowa daga murfi yake sauka a kanta ya ƙone. Sannan ya fito da gaskit, wato robar da ke zama tsakanin murfi da kan inji don tare mai, iri biyu ya sa mini a hannu. Mai arhar yana ƙyalli, na lanƙwasa shi ya tsaya ƙiƙam kamar bulala. Ɗayan baƙi ne marar sheƙi, mai laushi, ina sakinsa ya koma yadda yake. Kuɗinsa ya kusa ninka na farkon uku, na ja ciniki har na gaji, ɗan kaɗan ya rage.

Washegari da sassafe, inji a sanyaye, na shimfiɗa kwali na fara. Sifana mai lamba 10 ita ta yi kusan komai: kwayil huɗu da ke kan filogi, sai notunan murfin. Tsohon gaskit ɗin ya bushe, yana karyewa a hannu kamar ƙuliƙuli. Abin da ya cinye mini lokaci kankare gam ɗin bakaniken nan ne, fiye da awa guda ina bi da tsumma da ɗan fetur, raina a hannu kada ɓurɓushi ya faɗa ciki, don mai shagon ya ja kunnena cewa shi ke toshe rariyar famfon mai. Sabon gam kuwa wuri biyu kacal na ɗiga, kowanne bai wuce ƙwayar wake ba, daidai inda murfin sarƙar taimin ya haɗu da kan inji. Notunan na ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe, a hankali, domin ƙanana ne, ƙarfin tuwo karya su yake yi. Ban tayar da motar ba sai Litinin.

Yau wata biyu ke nan kwalin da nake sawa a ƙasa a bushe yake kwana, gejin mai bai sauka ba. Akwai 'yar lema ta baya, wajen abin da ke ɗame sarƙa, wanda dama mai shagon ya ce mini ƙaramar robarsa takan gaji a irin wannan inji. Ya kuma faɗa mini gaskiya: in yoyon tsakanin inji da giya ne, kada in taɓa, aikin gareji ne, sai an sauke giyar.

Inda ya gaza, ba ya ba da rasit sai ka nace, wurin zama babu, in an yi ruwa kuma lungun taɓo ne har idon sawu. Duk da haka wurinsa zan koma neman robar nan.

Tsohon tabon dai ya ƙi fita, na sa omo na sa toka. Iya, matar mai gidan, ta ce buhun siminti ɗaya take bi na.