Hattara da Masu Sayar da Na'urar Rage Shan Mai

Jama'a, musamman masu tsofaffin motoci 'yan Kwatano, a yi hattara. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wasu suka samu sabuwar kafar cin kuɗin mutane da wani ɗan abu mai girman akwatin ashana, an rubuta Eco OBD2 a jikinsa. Ana tallansa a Facebook da TikTok, wai ka soka shi a ƙarƙashin sitiyari, ka yi tafiyar kilomita 200, sai ya "koyi" tuƙinka ya rage maka shan mai da kashi 15 cikin ɗari.

Ramin da ake soka shi dai na gaskiya ne. Shi ne mai haƙora 16 ɗin nan da makanike ke jona kwamfutarsa don gano matsalar inji, Amurka ta wajabta shi a motocinta tun 1996. Abin da suke sayarwa ne na bogi. A 2017 wani kamfanin tsaron kwamfuta na Faransa, Quarkslab, ya farke ɗan'uwan abin nan, Nitro OBD2, wanda ake cewa yana ƙara wa inji ƙarfi, bai tarar da abin da zai iya magana da kwamfutar mota ba. Fitilu ne kawai ke ƙyaftawa. Kuma ramin nan ba ya rabuwa da wuta ko an kashe mota, in ta daɗe a ajiye da abin a soke, batir ne zai ji jiki.

To me ya sa wasu ke rantsuwa sun ga canji? Wasan a dashbod yake. Lambar da mota ke nunawa ta nisan da take yi da galan ɗaya na mai matsakaicin lissafi ne na tafiyar da ka yi tun ranar da aka share shi, har da cunkoso da zaman jira inji na kunne. Mai sayarwa sai ya danna ya share, ya zagaya da kai titi fetal, lamba ta yi kyau, ka ciro kuɗi. Wani ma ya fi haka wayo: zai sauya ma'auni daga galan ɗin Amurka, lita 3.8, zuwa na Ingila, lita 4.5. Nan take lamba ta ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari, alhali shan man bai ragu ko da ɗigo ba.

In kana son sanin gaskiyar shan motarka, cika tanki, mayar da mitar tafiya sifili, yi harkokinka, ka koma famfon da ka sha ka sake cikawa. Raba kilomita da litocin da ta ci. Ka duba ko mitar mil take ƙirgawa, mil ɗaya kilomita 1.6 ne.

Wanda ya riga ya saya ya zare shi kawai, ya je a duba masa iskar taya da filogi da matatar iska.