Motar haya babu safaya: abin da ya same mu a hamadar Yuta

Tauraro biyu cikin biyar na ba kamfanin hayar motar, shi ma na biyun albarkacin na'urar sanyaya motar ne.

A Las Begas ta ƙasar Amurka muka karɓi motar, ni da mai ɗakina da ƙanena, farkon watan Yuni, za mu yi kwana takwas muna zagaya kudancin Yuta da arewacin Arizona. Jif ce sabuwa fil, ƙamshin leda bai bar ta ba. Matar da ke kantar kamfanin ta yi ta tallata min inshora kala-kala, na ɗauki babba, na ƙara da na taimakon gefen hanya, saboda na ga taswirar inda za mu bi, na san ba wurin wasa ba ne.

Kwana uku na farko da an tambaye ni, tauraro biyar zan bayar ba tare da shawara ba. Mun ratsa ramin mota na gandun shaƙatawar Zion da aka huda cikin dutse tun 1930, mil ɗaya da ɗoriya. A Bryce Canyon, da ke sama da ƙafa 8,000, sanyin asuba ya sa muka nemi rigunan sanyi a watan Yuni. Sai hanya mai lamba 12, wadda a kanta na fahimci abin da ake kira tuƙi. Tsakanin Escalante da Boulder akwai inda kwalta ke bin doron dutse siriri, rami dama, rami hagu, babu ƙarfen kariya. Mai ɗakina ta rufe ido tana ta Hasbunallahu, ƙanena kuwa bidiyo yake ɗauka. Motar ta haye Boulder Mountain ko nishi ba ta yi ba, kuma ba ta shan mai kamar yadda na zata.

Rana ta huɗu aka yi ta. Mun bar gonakin 'ya'yan itacen Fruita da mabiya Mormon suka dasa tun ƙarshen ƙarni na 19, muka miƙi hanya mai lamba 24 zuwa Hanksville. Ƙasar nan toka-toka ce, ba ciyawa ba tsuntsu, ba mamaki a kusa da nan aka kafa sansanin masu gwajin zaman duniyar Mars. Ƙanena ya hango dutsen Factory Butte ya ce, "Yaya, don Allah mu ɗan shiga, hoto ɗaya." Na karya kan motar na hau burji. Ba mu yi mil uku ba na ji fuuu, fitilar taya ta kama.

Ban damu ba. Wanda ya yi shekaru yana bin Kano zuwa Zinder ba a koya masa canjin taya. Na sauke akwatuna da kular abinci a ƙasa, na ɗaga shimfiɗar but. Babu safaya. Babu jak, babu sifana. Sai wata 'yar kwalbar gam da ƙaramin famfon da ake jonawa a jikin mota. Ashe sababbin motoci da yawa haka suke zuwa yanzu, wai don a rage nauyi. Gam ɗin kuma hujin ƙusa yake toshewa, mu kuwa gefen tayar dutse ya yanka, tsagar da yatsuna biyu za su shiga. Na ɗura shi dai don kada a ce ban gwada ba, ya tsiyayo ƙasa kamar kunun kanwa.

Waya babu sabis. Ƙanena ya taka ya hau wani tudu, ya samu sanda ɗaya, ya kira lambar taimakon da na biya kuɗinta. Sun riƙe shi fiye da rabin awa ana sa masa kiɗa. Da mutum ya ɗauka, cewa ya yi a ba shi adireshin titi da mahaɗa mafi kusa. Mahaɗa! A wurin da ko kan akuya ba ka gani. Kiran ya yanke sau biyu, kowane karo a sake bayani daga farko. Ƙarshe suka ce janwe zai zo, amma ba su san yaushe ba, kuma reshen da ke da motar canji yana Grand Junction, wato wata jihar ma, Kolorado.

Awa huɗu muka yi. Muka yi taimama muka haɗa azahar da la'asar, don ruwan da ya rage ba na alwala ba ne. Mai ɗakina ta fito da dambun naman da ta yi mana, ba ta ce min uffan ba, wanda ya fi faɗan ciwo.

Wani dattijo ne mai a-kori-kura ya tsaya, hula malafa, karensa a baya. Ya duba tayar ya girgiza kai, ya ɗauko jak ɗinsa ya kwance ta, ya kai ni Hanksville, garin da mutanensa ba su kai ɗari uku ba, mai gidan man da aka fafe kantinsa cikin dutse. Aka samo min tsohuwar taya daidai lambar, ya dawo da ni ya ɗaura. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, sai dambun ya ɗanɗana ya nemi ƙari. Janwen kamfani har yau ban ga ƙeyarsa ba.

Gaskiya ɗaya ce, ni ma da laifina. Da muka sauka a Green River, garin kankana, na zauna na karanta takardar da na sa wa hannu, an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a hawa hanyar da ba kwalta. Na huce. Sauran tafiyar ma ta wanke min zuciya: jajayen duwatsun Arches, faɗuwar rana a Monument Valley cikin ƙasar Nabaho, Grand Canyon, da tsofaffin shagunan Seligman a kan Route 66. Har na ce wa ƙanena tauraro huɗu zan ba su, a bar kaza cikin gashinta.

Mako biyu da mayar da motar sai ga alat. Sun cire kuɗin sabuwar taya, da kuɗin kwalbar gam, da kuɗin kwanakin da motar ta yi a gareji, da wani wai shi kuɗin aikin ofis. Na taya na yarda, ni na jawo. Amma gam ɗin da bai tsinana komai ba? Kuma kuɗin taimakon gefen hanyar da ba wanda ya zo, sun ce ba a mayarwa. Tun a kanta na gaya wa matar nan Yuta za mu, ta sayar min da inshora biyu, ba ta ga ya dace ta ce babu safaya ba.

Imel uku na tura musu. Amsar da ta zo ita ce ta kwamfuta, tana tambayata ko zan ba abokaina shawarar su yi haya a wurinsu.