Zabiyar da muka ɗauko wunin biki a Tudun Wada

Watan jiya muka aurar da 'yar yayata a Tudun Wadar Zariya, ni aka ɗora wa hidimar wuni. 'Yan mata suka dage sai DJ da waƙar da aka buga wa amarya a situdiyo. Na ce su yi abinsu ranar kamu, amma wuni na iyaye ne, ƙwarya za a buga. Wata maƙwabciyarmu ta haɗa ni da wata zabiya daga cikin Birni, wajen Ƙofar Doka. Su bakwai ne: ita, masu ƙwarya uku, 'yan amshi uku. Muka yi ciniki a kan N60,000, ban da liƙi da abinci da kuɗin mota.

Ana saura kwana biyu ta zo gida da ƙafarta, ta zauna da Inna har azahar. Ta tambayi sunayen kakanni, da sana'ar gidan, da wanda ya rasu, da waɗanda ba sa ga maciji da juna. Ko alƙalami ba ta riƙe ba.

Ranar wuni sun makara. Ƙarfe biyu muka yi da su, sai bayan la'asar suka iso, abinci har ya huce, raina kuma ya ɓaci. Amma da aka kifa babbar ƙwarya a bahon ruwa, ta fara ba da amon nan mai kauri, ƙananan suna amsa mata, sai tsakar gida ta ɗinke. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, lasifika ta mutu. Zabiyar ko gezau ba ta yi ba, ta ƙara ɗaga murya, mata suka matso.

Sai ta ɗauko Baba, Allah ya jiƙansa. Maɗinkin babbar riga ne, shekara arba'in yana ɗinkin hannu a zaure, har idonsa ya yi rauni. Ta kira shi da sunan da abokansa kaɗai ke kiransa, ta ce allurarsa ce ta aurar da 'ya'ya tara, yau ga jika ta bi sahu. Inna, wadda tun rasuwarsa ba ta taka rawa ba, ta miƙe tana hawaye tana juyi, gwaggonni suka rangaɗa guɗa. Waƙar situdiyo ta yi daɗi, ba na musu, ta ambaci ango da amarya, amma ba ta san wa ke zaune a gabanta ba. Tun rasuwar Barmani Choge a 2013 nake jin ana cewa amada ta mutu. Ban yarda ba. A garin da jami'arsa ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, ban ga dalilin da zai sa 'ya'yanmu su riƙa jin kunyar ƙwarya ba.

Abu biyu ne suka sosa min rai. Roƙo ya yi yawa. Wata baƙuwa daga Samaru, wadda na san ba ta da hali, sai da aka kira sunanta sau uku, ta kwance bakin zani ta ba da kuɗin motarta. Wannan ba daidai ba ne. Sannan zabiyar ta shiga habaicin kishiya, alhali uwar ango da abokiyar zamanta suna kan tabarma ɗaya. Na matsa kusa na raɗa mata, "Hajiya, don Allah a bar wannan baitin." Nan take ta juya shi ya koma yabon haƙuri, kiɗa bai ko tsaya ba.

Wadda za ta ɗauko su, ta yi magana tun wajen ciniki: ban da habaici, kuma dangi na kusa kaɗai za a roƙa. Akwai bikin autarmu bayan Babbar Sallah, Inna ta riga ta ce ita za a kira. Zan kira ta, amma ƙarfe goma sha biyu zan ce mata.